Malam Saleh na Gashuwa, Abokin Hamayyata, Ya Rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina cikin buɗe shago, ban ma gama jawo buhunan gero bakin ƙofa ba, sai waya ta yi ƙara. Ƙanin matarsa ne. Ya ce, "Malam Nasiru, sai haƙuri. Malam Saleh ya cika bayan sallar asuba."

Na zauna a kan buhu. Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa.

Na mayar da ƙofar shago na rufe, na nufi tasha. Allah ya sa na samu jana'izar, ko da yake ana fito da shi na isa. Dawowata Nguru ke nan, ko gida ban shiga ba na biyo kafen intanet. Ban rubuta komai da safe ba, domin sai da na tambayi iyalansa ko sun yarda, kuma ko duk wanda ya kamata ya ji daga bakinsu ya riga ya ji. Haka muke yi a da. Shi ne ya koya mana.

Sababbin masu karanta wannan shafi ba lalle ne ku san shi ba, don ya daɗe da daina rubutu. Tsofaffin kuwa na san abin da wasunku ke cewa yanzu: Nasiru ne ke yi wa Saleh ta'aziyya? Mutanen da suka yi shekaru suna sa-in-sa?

E, ni ne. Ku ba ni dama in faɗa muku wane ne shi.

Malam Saleh malamin makaranta ne a Gashuwa. Ɗan ƙabilar Bade ne, danginsa manoma ne a fadamar Katuzu. Ni kuwa kun sani, ɗan kasuwa ne, kakana daga Haɗeja ya zo Nguru tun jirgin ƙasa yana da daraja. Shi ya sa Malam bai taɓa rubuta sunana a shafinsa ba. "Bahaɗejen nan na Nguru" yake ce min.

Tun kafin mu san akwai wani abu wai shi intanet muke karawa da shi. A shekarun casa'in, muna samari, katin gaisuwa muke aikawa gidan rediyo. Kowa so yake a fi karanta sunansa. Shi in ya gama jera gaisuwarsa sai ya ƙara da cewa yana gaida mutanen Nguru, da fatan jirgi zai tuna da su wata rana. Ni kuma sai in mayar, in ce ina gaida mutanen Gashuwa, duk wanda ke marmarin kifin kirki a cikinsu ya zo mu sam masa. Haka muka yi ta yi, ba mu taɓa ganin juna ba.

A kasuwar Dapchi muka fara haɗuwa. Na je sayen wake, na zauna teburin mai shayi, sai na ji ana kiran wani Saleh Gashuwa. Na waiwaya, na ga wani gajeren mutum siriri da tabarau, yana hura shayi. Ni da nake zaton wani ƙato ne. Na faɗa masa sunana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ashe yaro ne kai. Na zaci da tsoho nake faɗa."

Ya sa aka ƙaro min burodi.

Da aka buɗe kafe a Gashuwa, shi ne mutum na farko da na sani da ya buɗe bulog a kan labaran garinsu. Farashin kaya, rufin ajin da iska ta yaye, rijiyar burtsatsen da ta tsaya, wanda ya ci jarrabawa ya tafi jami'a. Da namu kafen ya zo Nguru, shi da kansa ya shigo mota ya zo ya nuna min yadda ake buɗewa. Na tambaye shi me ya sa zai taimaki mai musa masa. Ya ce, "Rubutu ba ya daɗi in ba mai cewa ƙarya kake."

Matasan yanzu da ke shiga da waya ba za ku gane yadda abin yake ba. Masu kwamfuta a garuruwan nan ba su da yawa. Amma duk abin da muka rubuta, sai wani ya buga shi a takarda, a yi fotokwafi, a kai wurin mai jarida da teburan shayi da majalisu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura. 'Yan garinmu da ke Kano da Maiduguri da Abuja su ma suna bi, suna tsokaci a ƙasa. Magana in ta fita daga kafe da safe, kafin la'asar ta zaga kasuwa.

Malam ya gane haka tun da wuri. Mu 'yan kaɗan ne masu shafi a lokacin, kuma shi ne babba a cikinmu, don haka in ya ce ba a yin abu, ba ma yi. Ba a sa hoton gawa. In ka ɗauko labari a wurin wani sai ka faɗi inda ka ɗauko. Ka ci mutuncin ra'ayin mutum yadda kake so, amma ban da uwarsa da matarsa. Wata rana wani abokinmu mai shafi ya riga kowa sa labarin haɗarin mota da sunayen mamata. Malam bai ce masa komai a fili ba. Gidansa ya je. Abin da ya faɗa masa ban sani ba, amma kafin magariba an sauke rubutun.

Kada ku ɗauka wai don haka faɗanmu na wasa ne. Ba na wasa ba ne.

A kan ruwa muka fi yi. Kun san yadda kacala, ciyawar nan mai tsawo, ta toshe hanyoyin kogi. Ruwa ya riƙa karkatowa ɓangarenmu yana cinye gonaki, su kuma can Gashuwa da Katuzu fadamarsu na bushewa tun rani bai yi nisa ba. Su suna cewa mutanenmu ne ke haƙa hanya suna janye ruwan. Mu muna cewa da za su iya kwashe shi da mun gode musu. Shi ya rubuta, ni in mayar, shi ya sake mayarwa. Akwai lokacin da ya rubuta cewa 'yan kasuwar Nguru na saye shinkafar manoma da kaka a wulaƙance, su ɓoye sai ta yi tsada. Wannan ya yi min zafi, domin sana'ar mahaifina ce. Na daina ɗaukar wayarsa. Watanni muka yi ba ma magana.

Ana cikin haka mahaifina ya rasu.

Da azahar na ɗaga kai na gan shi yana shigowa layinmu da kwandon banda a kafaɗa. Bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya zauna har sadakar uku. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke tarbar baƙin da ban sani ba. Ranar da na kasa cin abinci, shi ya jawo kwano ya ce in sa hannu ko loma biyu ce, ya zauna muka ci tare. Wani cikin 'yan'uwa ya ɗauke mu hoto a haka, daga baya na sa shi a shafina ina godiya ga waɗanda suka zo.

Bayan mako guda sai ga wani dogon rubutu a shafinsa, ya bi maganata ta ƙarshe kan ruwa layi-layi ya yi kaca-kaca da ita. Na kira shi. Na ce, "Haba Malam, ko arba'in ba a yi ba."

Ya ce, "Nasiru na je yi wa ta'aziyya. Wannan kuwa da Bahaɗeje nake."

Ranar na fara dariya tun rasuwar Baba.

Akwai kuma lokacin da na manta lambar sirrin tsohon shafina, ya rufe, na sake buɗe sabo ba ko mutum ɗaya a kai. Malam ya rubuta a saman nasa cewa Bahaɗeje ya koma sabon gida, ga adireshin, duk mai son karanta kuskure ya garzaya. Yawancinku ta nan kuka same ni.

Yanzu zan zo kan abin da ya raba shi da rubutu. Wasunku sun sani, wasunku rabi suka sani, wasunku kuma suna cikin waɗanda suka yi tsokaci a lokacin. Ba zan kama sunan kowa ba.

Wata shekara ruwa bai sauka fadamar Katuzu ba sam. Shuka ta fara ƙonewa. Wani ɗan kawun Malam mai suna Garba, manomi mai iyali, ya shiga kwalekwale shi da abokinsa don su je su ga inda ruwan ya tsaya da idonsu. Kwalekwalen ya kife a cikin kacala. Abokin ya fita. Garba bai fita ba, sai gawarsa aka tsamo.

A wannan shekarar ne wani sabon shafi ya ɓullo a Gashuwa. Mai shi ba ya sa sunansa, Kunama yake kiran kansa. Zagi yake yi tsagwaronsa, kuma mutane sun so shi. Kafin a gama zaman makoki, Kunama ya sa hoton gawar Garba kwance a bakin ruwa. Ya rubuta cewa masuntan Nguru ne suka tare shi suka yi masa duka suka jefa shi a ruwa.

Aka buga. Aka yi fotokwafi. Ana gobe kasuwar Gashuwa takardar ta shiga ko'ina. Kuma duk ranar kasuwa motocin mutanenmu ne ke cika tasharsu, masu kifi da masu hatsi. Ƙanina Auwalu na cikinsu.

Ina zaune a wannan kafen ina rubuta amsa, sai ga wayar Malam.

Ya ce, "Nasiru, ka ga abin da aka sa?"

Na ce, "Na gani. Amsa nake rubutawa."

Ya ce, "Goge ta."

Na ce, "Malam, kisan kai fa ake ɗora wa mutanena."

Ya ce, "Na sani. Gawar ɗan'uwana ce a hoton nan. In kai ka rubuta, cewa za a yi Nguru ce ke wanke kanta, abin ya ƙara tashi. Ka bar min. Kai dai ka hana ƙaninka zuwa gobe, kuma ka faɗa wa duk wanda zai ji maganarka."

Na goge. Masu karanta ni suka yi ta cewa tsoro ya kama ni. Na bi gida-gida ina roƙon mutane kada su je. Wasu suka ji, wasu suka ce kifinsu ba zai jira ba.

Shi kuwa acaɓa ya hau ya tafi Katuzu. Ya zauna da abokin da ya tsira, ya sa ya ba shi labarin tun daga farko. Mutumin ya ce ba kowa a wurin sai su biyu da ciyawa. Ya je wurin waɗanda suka yi wa gawar wanka. Suka ce ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Daga nan ya shiga wurin kawunsa, mahaifin Garba, wanda shi ne ya riƙe Malam ɗin tun yana ƙarami bayan rasuwar babansa.

Shi Malam ne ya ba ni labarin wannan zama, bayan an daɗe. Ya ce tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Saleh, kai ne namu mai biro. Ka rubuta cewa kashe min ɗa aka yi. In kai ka faɗa, gwamnati za ta ji."

Ya ce masa, "Kawu, ba kashe shi aka yi ba. In na rubuta haka, gobe wani uban zai zauna yadda kake zaune."

Tsohon ya saki hannunsa. Ya juya fuskarsa ga bango.

Malam ya dawo Gashuwa ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani. Gajeren rubutu ne, ba ado. Ya faɗi dangantakarsa da mamacin, ya sa cikakken sunansa a ƙasa. Ya buga takardu, da safiyar kasuwa ya tsaya a bakin tasha yana miƙa wa mutane da hannunsa. Dattawan da ke neman abin da za su riƙe su tare samari da shi, takardarsa suka riƙe.

Ba zan ce komai ya tafi lafiya ba. An tare wata motar masu kifi a shigar gari aka yi mata ruwan duwatsu. Direban ya rasa ido ɗaya. Yana nan a tasharmu har yau, ba ya tuƙi, lodi yake kira. Amma ba a rasa rai ba. Waɗanda suka je kasuwa ranar sun dawo gida, kuma sun faɗa min abin da suka gani a idon mutane. Na san me aka tsallake.

Daga nan aka juyo kan Malam.

Kunama ya shiga shafina ya ɗauko hoton nan na zaman makokin Baba, ni da Malam hannu a kwano ɗaya. Ya sa shi babba, ya rubuta a ƙasa cewa ga Saleh nan yana cin tuwon iyayen gidansa, ashe faɗan da suke yi duk shiri ne. Ya ce an saye shi, ya sayar da jinin ɗan'uwansa.

Tsokacin da ya biyo baya ba zan maimaita ba. An zagi mahaifiyarsa da ke kabari. An ambaci matarsa da suna. 'Ya'yansa suka riƙa dawowa daga makaranta suna kuka. Majalisar da ya yi shekaru yana zama, in ya zo sai hira ta mutu. Kawunsa ya aiko cewa kada ya sake taka masa gida, aka kuma karɓe ɗan yankin fadamar da yake nomawa aka ba wani.

Sauran masu shafi, abokanmu, shiru suka yi. Wasu ma da suka ga inda jama'a ta karkata sai suka fara koyon salon Kunama. Ni na fito na kare shi, rubutu bayan rubutu. Abin sai ya ƙara lalacewa. Aka ce to ga shi nan, ubangidan ya fito da kansa.

Ya kira ni. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "Nasiru, in taimakona kake so, ka daina yabona. Ka koma kan ruwa ka ce ƙarya nake, kamar da."

Na koma. Na rubuta, na jira amsa. Ba ta zo ba. Na sake rubutawa da zafi, da gangan, ko zai harzuƙa. Shiru. Da farko ya rufe wurin tsokaci na shafinsa. Daga baya shafin ya tsaya a kan wani ɗan rubutu game da tsadar takin zamani. Yana nan har yanzu, mai so ya duba.

Kawun nasa ya rasu ba su shirya ba. Malam ya je jana'izar, ya tsaya a sahun baya, ya dawo ba wanda ya ce masa ya zauna.

Na taɓa tambayarsa ko ya san wane ne Kunama. Ya ce, "Na san shi tun rubutunsa na farko. Ni na koya masa buɗe shafi, benci ɗaya muka zauna. Yadda mutum ke jera magana ba ya ɓuya."

Na ce ya faɗa min sunan.

Ya ce, "Ka yi me da shi?"

Na ce in sa shi a shafina kowa ya gani.

Ya ce, "Yana da 'ya'ya a makarantarmu. Na ga yadda aka yi wa nawa."

Na yi juyin duniya, ya ƙi. Har ya koma ga Allah bai faɗa min ba.

Sai ciwon ƙoda ya zo. Mutanen Gashuwa ba sai an ba ku labarinsa ba, kun san gidaje nawa ya shiga. Ya yi ta zuwa Kano wankin ƙoda, a wannan hanya tamu, har jiki da aljihu suka gaza. Na roƙe shi ya bar ni in sanar a nan ko Allah zai sa wani ya taimaka. Ya ce a'a. Ya ce ba ya son a sake buɗe wurin tsokaci a ƙarƙashin sunansa yana raye. Shi ya sa ba ku ji daga gare ni ba.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da matashi. Ƙafafunsa sun kumbura har ba ya iya sa takalmi. Fuskar ma da ƙyar na gane ta, sai da ya ɗauki tabarau ya sa. Ga wani ɗan ƙaramin kofi a gefensa. Ya ga ina kallon kofin, ya ce, "Likita ya ƙayyade min ruwan sha. Yadda kuka yi wa Katuzu."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

Muka yi hira kaɗan-kaɗan, yana yi yana hutawa. Da na ga lokacin tafiya ya yi, na ce, "Malam, mu yafi juna."

Ya ce, "Me ka yi min? Duk waɗanda suka yi faɗa da ni, kai kaɗai ne kake sa sunanka a ƙasa. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Sai na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce da ya san haka abin zai ƙare, da zai rubuta takardar nan?

Na zaci zai ce e nan take. Bai ce ba. Can ya ce, "Ban sani ba, Nasiru. Kawun nan nawa shi ya saya min littafin farko. Shi ya kai ni makaranta a kan jaki. Ya mutu yana ganin na ci amanarsa. Akwai ranakun da nake cewa da na yi shiru kawai, ban rubuta wannan ba, ban rubuta wancan ba."

Ya sake hutawa. Sannan ya ce, "Auwalu fa? Yana lafiya?"

Na ce lafiya lau, kwanan nan ma aka yi masa haihuwa.

Ya ce, "To."

Ya rufe ido. Na zauna kaɗan, na tashi na fito.

Yau a wurin jana'iza mutane ba su cika yadda ya kamata a ce sun cika ba. Malaman makarantarsu sun zo, da tsofaffin ɗalibansa, da maƙwabta. Daga Katuzu mutum kaɗan na gani. Da aka idar da salla na tsinci kaina ina bin fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ina ta tunanin ko Kunama na cikin sahun nan, ko ma shi ne wanda kafaɗarsa ke jikin tawa. Na kasa tsayar da zuciyata a kan addu'a. Na yi ta istigfari har aka kai shi.

Da na zo nan na duba, na ga har wasu shafuka sun riga ni. Waɗanda suka yi shiru a lokacin, da waɗanda ba shirun suka yi ba, duk sun sa hotonsa suna cewa an yi rashin gwarzo. Ban ce kada su yi ba. Na dai karanta, na rufe.

Kafin in baro Gashuwa, ƙanin matarsa ya shigar da ni cikin gida in yi mata gaisuwa. Tana zaune cikin mata, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Malam Nasiru, tsaya."

Ta ce tun da idonsa ya raunana, duk mako sai ya aika an bugo masa abin da na rubuta, babbar 'yarsu ta zauna ta karanta masa. Yana kwance yana musu da takardar, wani lokacin har muryarsa ta kai tsakar gida. Ta ce ranakun ne kaɗai take jin muryarsa irin ta da.

Ta ce, "Shekaranjiya ma an karanta masa na ƙarshen nan. Ya ce ka yi kuskure a wuri ɗaya, in ka zo zai faɗa maka."

Na tambaye ta ko ya faɗi wurin. Ta ce bai faɗa ba.

Rubutun yana buɗe a gabana yanzu. Na karanta shi ya fi sau nawa. Ban gano ba.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya, babbarsu ba ta gama sakandare ba. Mai niyyar zuwa gaisuwa, ana zaune a gidansa. Roƙona ɗaya gare ku: a ƙarƙashin wannan rubutu kada wanda ya kama sunan wani, kada a yi hasashen wane ne wane, kada a tayar da maganar Nguru da Gashuwa. Duk wanda na gani zan goge. Wanda kuma ya san ya taɓa rubuta wata kalma a kan bawan Allah nan, ba sai ya ce min komai ba. Ya yi alwala, ya roƙa masa gafara tsakaninsa da Ubangijinsa.

Allah ka ji ƙan Malam Saleh. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shan da ba ƙishirwa bayansa. Ka haɗa shi da kawunsa da Garba a inda ba sauran ɓacin rai. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari, ka tsare su daga bakin mutane. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta har ya kawo nan, ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu kafin ya rufe shafin, kuma ya sa shi a addu'arsa in ya yi salla.